Yadda Ake Shirya Aikin Fasaha na Kyauta da Musaya a Bainar Jama'a

A gidan adana kayan fasaha na birnin Chicago, a Amurka, akwai wani aiki da in ka shiga ɗakinsa za ka ɗauka wani ne ya zubar da kaya ya gudu. Tulin alewa ne a kusurwa, kowace ƙwaya naɗe cikin leda mai ƙyalli, launi-launi. Felix Gonzalez-Torres, mai fasaha haifaffen Kyuba, shi ya tsara shi a 1991, shekarar da cutar ƙanjamau ta yi ajalin abokin zamansa Ross Laycock. In tulin ya cika, nauyinsa fam 175 ne, kusan kilo 79, wato nauyin namiji mai ƙoshin lafiya. An yarje wa kowane mai ziyara ya ɗauki ɗaya. Ana ɗiba tulin yana ramewa, kamar yadda ciwo ya dinga cin jikin mamacin, sai ma'aikata su zo su sake cika shi. Mutum ya shigo kallo, ya fita da zaƙi a baki da nauyi a zuciya, kuma da hannunsa ya rage tulin.

A yawancin wuraren nuni dokar ɗaya ce: kalla, kar ka taɓa. Irin fasahar da nake magana a kai ta kifar da wannan doka. Tana miƙa wa mai kallo abu, ko ta roƙe shi ya kawo nasa, kuma sai ya miƙa hannu aikin yake cika. Ba ta bukatar katafaren gini. Teburi ɗaya, kaya kaɗan da jimla guda da aka tauna ta sosai sun isa. Bayarwa kam ba wuya. Sa baƙon da bai san ka ba ya karɓa, ba tare da ya ji an raina shi ko ana shirin damfararsa ba, nan ne gizo ke saƙa. Shi ya sa yawancin abin da ke ƙasa a kan karɓa yake.

Mataki na 1: Yanke hanyar da kyautar za ta bi

Kafin ka sayi ko da allura, zauna ka amsa tambaya ɗaya: daga hannun wa zuwa hannun wa?

Marcel Mauss, masanin zamantakewa ɗan Faransa, ya nuna a nazarinsa na 1925 cewa a al'ummomi da dama kyauta tana tafe da wajibai uku: bayarwa, karɓa da ramawa. Wanda bai taɓa jin sunan Mauss ba ma ya san haka a jikinsa. Da an ba ka abu sai ka ji kamar an rataya maka bashi a wuya. Babban aikinka shi ne ka yanke inda wannan bashi zai sauka, kuma hanyoyin da aka fi bi huɗu ne.

Ta farko, ɗauki ka tafi. Tulin alewar nan na cikinta. Haka ma wani baje koli da Hans Ulrich Obrist ya shirya a ɗakin nunin Serpentine na Landan a 1995, inda mai fasaha Christian Boltanski ya jibge gwanjo, mai ziyara ya cika jaka ya wuce da ita.

Ta biyu, ɗauki ka miƙa gaba. Lee Mingwei, haifaffen Taiwan, ya shimfiɗa wani dogon dutse a birnin Lyon na Faransa a 2009, da rami mai ruwa a tsakiyarsa, an jera furanni masu rai a ciki. Kowa na iya zare fure ɗaya bisa sharaɗi biyu: in ya fita ya bi wata hanya daban da wadda ya yi niyya, kuma ya ba da furen ga wani baƙo da ya haɗu da shi. Bashin bai koma kan mai fasahar ba, ya wuce ga mutum na uku wanda bai ma san an yi nunin ba.

Ta uku, kawo ka karɓa, ban gishiri in ba ka manda. A wani aikin Roman Ondák ɗan Slovakia na 2011, mutum ne zaune a bayan teburi da abu guda, yana neman mai shigowa ya musanya masa da wani abu daga aljihunsa. Abin da ya samu shi zai yi cinikin gaba da shi, haka har a tashi. A birnin Zurich kuma, tun 1997, M. Vänçi Stirnemann ya assasa musayar ƙananan katunan zane na hannu, waɗanda dokarsu ita ce a yi musaya da su, kar a sayar.

Ta huɗu, kyautar lokaci da aikin hannu. A 1992 Rirkrit Tiravanija ya mayar da wani ɗakin nuni a New York madafa, yana dafa shinkafa da miya irin ta Tailan yana ciyar da duk wanda ya shigo. Shi kuma Lee Mingwei yana da wani aikin da yake zama da allura da zare, ka kawo masa yagaggiyar rigarka ya ɗinke kuna hira.

In wannan ne karonka na farko, shawarata ka zaɓi ta biyu ko ta uku. Ta farko tana saurin rikiɗewa ta zama rabon kaya in ba ka da ma'ana mai ƙarfi a bayanta, ta huɗu kuma tana cin jiki fiye da yadda ake zato. Wanda ya taɓa yin awa shida yana ɗinki yana hira da baƙi ya san me nake nufi.

Mataki na 2: Zaɓi abin da za a miƙa

Akwai iyaka biyu da za ka tsaya tsakaninsu. In abin ya yi tsada, za a yi wawaso, masu ƙarfi su kwashe, hankali ya koma kan ganima. In ya yi arha har ya zama tarkace, za ka tarar da shi a kwandon shara taku goma daga teburinka. Abin da kake nema shi ne wanda ba shi da daraja a kasuwa amma ana ganin hannu da lokaci a jikinsa: ƙaramin zane, baitin waƙa da aka rubuta da hannu, irin shuka a ƙunshin takarda, ƙaramin abu na yumɓu, hoton da ka wanke da kanka.

Ya kasance yana shiga tafin hannu ko aljihu. Katunan Zurich milimita 64 ne a faɗi, 89 a tsawo, girman katin karta, kuma ƙanƙantar tasu na cikin abin da ya sa suka bazu ƙasashe. Mutumin da ke kan hanyarsa ba zai rungumi allo ya tafi da shi ba, komai kyansa.

Ya kasance kuma abin yana da dalili. Alewar Gonzalez-Torres tana narkewa a baki, tana raguwa a ƙasa, kuma maganar aikin ke nan gaba ɗaya. Da duwatsu ya tula, da ba a ji komai ba. Allan Kaprow, mai fasaha ɗan Amurka, tun daga 1983, ya yi ta yawo da bokitin ƙasa yana musanya ta da ƙasar wasu mutane. Ƙasa ce dai, wadda kowa ke takawa, amma kowane bokiti yana zuwa da labarin inda aka haƙo shi, kuma labarin ne ainihin abin da ake musaya. A shekarar ce ma David Hammons ya shimfiɗa tabarmarsa a gefen titi a New York cikin hunturu yana sayar da dunƙulen dusar ƙanƙara, manya da ƙanana, a jere kamar hajar kirki. Tambayi kanka: in aka canza abin nan da wani, aikin zai rasa wani abu? In ba zai rasa ba, ba ka samo abin ba tukuna.

Sai yawa. Je wurin da kake so, a ranar mako da lokacin da kake so, ka ƙirga masu wucewa na tsawon awa ɗaya. Kaɗan ne daga cikinsu za su tsaya, amma lissafin zai ba ka abin kamawa. Kar ka baje duk kayanka lokaci guda. Fito da kashi ɗaya cikin huɗu, sauran su zauna a akwati ƙarƙashin teburi, kana ƙarawa a hankali.

Abin ci ko abin shafawa a jiki yana da nasa ɗawainiya: akwai masu ciwon sukari, akwai waɗanda jikinsu ba ya jituwa da wasu abubuwa, akwai yara. In ka nace sai shi, a naɗe yake zuwa, kuma a rubuta abin da ke ciki. Ƙananan abubuwan da yaro zai iya haɗiyewa kuwa, ka nesanta su da gefen teburi.

Mataki na 3: Rubuta ƙa'idar

Nan ne aikin yake rayuwa ko ya mutu, don haka zan ɗan daɗe.

Karona na farko na yi katuna wajen ɗari, kowanne da zanen tawada, na ɗauki makonni a kansu. Na rubuta da manyan baƙaƙe a kwali: KYAUTA NE. Na zauna ina jiran a yi mini rububi. Kusan awa guda mutane na kallon kwalin su ƙara sauri. Can sai wata mata ta tsaya, ta ɗauki kati ɗaya da yatsu biyu, ta juya bayansa tana neman talla ko lambar waya. Ba ta ga komai ba. Ta dube ni ta ce, “Wa ya ɗauki nauyinku?” Na ce ba kowa. Ta mayar da katin daidai inda ta ɗauke shi, har tana gyara masa zama, ta ce Allah ya taimaka, ta tafi. Ba ta yi laifi ba. Duniya ta koya mata cewa banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma kwalina bai ba ta wata hanyar fita daga bashin ba.

Washegari na canza rubutun: “Ɗauki kati ɗaya. A madadinsa, rubuta mana wani abu da aka taɓa ba ka wanda har yau kana ajiye da shi.” Na ajiye biro biyu da ƙananan takardu. Katunan dai su ne na jiya, amma yanzu mutum yana da abin biya, kuma abin biyan yana da shi a kansa. Wani dattijo ya jingina sandarsa da teburi, ya cire tabarau daga aljihu, ya rubuta layi uku a kan agogon da wansa ya bar masa, wanda ya daina aiki tun tuni. Ya ɗauki lokaci yana zaɓen kati kamar mai zaɓen yadi, don a ganinsa ya biya, yana da ikon zaɓe.

Ga abin da na tsinta daga wannan da sauran gwaje-gwaje.

Ƙa'ida ta zama jimla ɗaya, in ta yi yawa biyu. Mai wucewa 'yan daƙiƙu kawai zai ba ka. Fara da aikatau: ɗauki, ajiye, rubuta, miƙa. Faɗi adadi a fili, “ɗaya”, don in ba ka faɗa ba mai kunya zai ƙi ɗauka, marar kunya kuma ya cika aljihu. Bayanin ma'anar aikin, da tarihinka, da dalilin da ya sa ka yi, duk su koma wata 'yar takarda a gefe don mai son ƙarin sani.

Abin da kake nema a madadi ya zama wanda kowa yake da shi. In ka ce a kawo zane, ka kori duk wanda yake ganin bai iya zane ba, kuma su ne mafi yawa. In ka ce a kawo littafi, ka kori wanda bai fito da littafi ba. Kalma, tunani, alkawari, ko wani abu daga aljihu, waɗannan kowa na tafe da su. Ka kuma tanadi hanya ga wanda ba ya rubutu ko hannunsa ba ya riƙe biro: ya faɗa, wani ya rubuta masa.

Kar ka nemi abin da zai amfane ka kai tsaye. Da ka ce sai an bar lambar waya, ko sai an bi shafinka, ko sai an tsaya an ɗauki hoto, ka bar fasaha ka koma talla, kuma mutane suna shinshino talla daga nesa.

Sannan ka bar wani sashe na ƙa'idar da ba za ka iya sa ido a kansa ba. Lee Mingwei ba ya bin kowa a baya ya ga ko ya ba da furen. Wani zai kai shi gida ya sa a kwalba, kuma shi kaɗai ya san ya saɓa. Wannan amanar da aka ba shi, da ɗan nauyin da zai ji in ya ci ta, suna cikin aikin. Ƙa'idar da ke bukatar ɗan sanda ba ta dace da wannan fasaha ba.

Mataki na 4: Wuri da izini

Nemi inda mutane ke rage sauri da kansu: wurin jira, bakin ɗakin karatu, lambun shaƙatawa, harabar makaranta bayan an tashi. Inda ake gudun kar a makara ba ya yi. Kar ka kafa teburinka kusa da mai sayar da irin abin da kake bayarwa. Kai wasa kake, shi abincinsa ne, kuma yana da gaskiya in ya fusata.

Kowane wuri yana da mai shi, ko da ba a rubuta ba. Nemi izini tun da wuri, a rubuce in zai yiwu, ka bayyana cewa ba sayarwa kake ba, ba kuma taron siyasa ba ne. Ka gaisa da masu gadi da maƙwabtan wurin kafin ranar, ka ba su nasu tun kafin a buɗe. Su za a fara tambaya ko lafiya.

Teburi ya yi ƙasa yadda yaro da mai keken guragu za su ga abin da ke kai. Inuwa dole ce. Iska kuma abokiyar gaba ce ga duk aikin takarda, don haka ka zo da abin dannewa.

Mataki na 5: Gwada da mutum goma

Kafin ranar, kafa teburin a wani wuri ƙarami ka kira mutum goma da ba su san komai game da shirin ba. Kar su zama abokanka masu fasaha, su sun riga sun san wasan. Kar ka yi musu bayani. Tsaya gefe ka kalli hannuwansu. Inda hannu ya tsaya a sama yana shakka, nan ƙa'idarka take da rami. In uku daga cikinsu suka yi tambaya iri ɗaya, gyara rubutun, kar ka ce ai za ka riƙa bayani da baki.

Mataki na 6: Ranar aiki, da yadda ake tsayuwa a teburi

Ba wanda yake son ya zama na farko. Teburin da aka jera tsaf, ba a taɓa komai ba, yana tsorata mutane. Cire abu biyu ko uku daga jerin don a ga giɓi. In musaya ce, zuba 'yan abubuwa a gefen da ake ajiyewa, waɗanda ka samu daga gwajin mutum goma. Da an ga wasu sun riga sun yi, kunya ta ragu da rabi.

Ku kasance aƙalla biyu, kuna karɓar juna duk bayan awa ɗaya ko biyu. Mai tsaron teburi kar ya tsaya ƙiƙam a baya yana zuba wa masu wucewa ido kamar mai jiran ciniki. Ya zauna a gefe, hannunsa na wani aiki, yana naɗe kaya ko yana zana sabon kati. Mutum ya fi sakin jiki ya matso kusa da wanda ke aiki. In an haɗa ido, gaisuwa ta isa. In an tsaya, sai gayyata gajeriya: “Bismillah, Baba, duba ka gani.” “Hajiya, zaɓi wanda ya yi miki.”

Tambayoyi uku za su yi ta dawowa, ku shirya amsarsu tun a gida. Nawa ne? Wa ya aiko ku? Me za ku yi da abin da na rubuta? Amsa ta zama gajeriya kuma gaskiya. In wata cibiya ce ta ba da kuɗin aikin, a faɗa. In za a nuna rubuce-rubucen a wani wuri daga baya, a faɗa kafin mutum ya rubuta.

Wanda ya ce a'a, a bar shi da a'arsa. Kar a bi shi, kar a cusa masa abu a hannu, kar a ce “ai kyauta ce” da muryar da ke nuna ya yi wauta. Ƙin karɓa ma amsa ce, kuma sau da yawa wanda ya wuce da safe shi ne zai dawo da yamma da abokinsa.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: in ka tambayi mutane abin da ya shafi zuciyarsu, wasu za su ba ka fiye da yadda ka roƙa. Za a yi kuka a teburinka. Ajiye kujera ɗaya ta ƙari, ka saurara, kar ka mayar da kanka likita ko mai ba da shawara.

Mataki na 7: Matsalolin da za su zo, ko ka so ko ka ƙi

Mai kwasa zai zo. Zai karanta “ɗaya” da kyau, sannan ya dumbuza. Yanke tun kafin ranar yadda za ku yi da shi, don kar mai tsaron teburi ya yanke cikin fushi. Ni abin da na fi ganin amfaninsa shi ne a ce masa cikin fara'a, “Malam, sauran na waɗanda za ka kai wa ne? To faɗa mana su wa da wa.” Wani zai yi dariya ya mayar, wani zai lissafo 'ya'yansa da gaske, ka ga ke nan ya koma hanya ta biyu da kansa. Tunda kashi ɗaya cikin huɗu ne a waje, asarar ba za ta durƙusar da kai ba. Gori da tozartawa a gaban jama'a kuwa sun fi kwasar ɓarna, don duk wanda ya gani ba zai ƙara matsowa ba.

Matsala ta biyu ta teburin musaya ce: darajar kaya tana gangarowa. An buɗe da abubuwa masu kyau, kafin la'asar sai murfin kwalba da tsohon rasit. Kowa yana ɗaukar wanda ya fi, ya ajiye wanda ya gaza. Kana da zaɓi biyu. Ko ka karɓi gangarowar a matsayin abin da aikin ya gano, ka rubuta ta daki-daki, ko ka sa birki. Birkin da ya fi aiki shi ne ƙaramar takarda da ake ɗaura wa duk abin da aka ajiye, mai shi ya rubuta layi ɗaya a kan inda ya samo shi. Mutum yana jin nauyin rubuta labari a kan shara. In kuma ya rubuta, to murfin kwalbar ya daina zama shara.

Ta uku ta fi zurfi. Nicolas Bourriaud, mai nazarin fasaha ɗan Faransa, wanda littafinsa na 1998 ya yi wa irin wannan fasaha ta hulɗa suna, ya yaba mata ƙwarai. A 2004 Claire Bishop, masaniyar tarihin fasaha, ta yi masa raddi da tambayar da har yau take da kaifi: wace irin hulɗa ake ƙullawa, don wa, kuma don me? Ciyar da abokanka a ɗakin nuni ba shi ne haɗa kan al'umma ba. In ka kai aikinka unguwar da ake fama da rashi, ka tsaya kana rabo ana ɗaukarka hoto, sadaka ka yi da kyamara, kuma mutanen sun zama kayan adon aikinka. Maganin da na sani shi ne ka tsara abin yadda kai ma kake bukatar wani abu daga gare su da gaske, abin da in ba su ba ka ba aikin ba zai tashi ba. Ka kuma shigo da mutanen wurin tun a mataki na uku, su sa baki a ƙa'idar, su zauna a teburin.

Mataki na 8: Adana abin da ya faru

Aikin zai watse cikin aljihunan mutane, abin da zai rage maka shi ne abin da ka rubuta. Ajiye littafi a ƙarƙashin teburi: lokaci, abin da ya fita, abin da ya shigo, da duk wata magana da ta tsaya maka a rai, ba tare da sunan mai ita ba. Ɗauki hoton teburin daga wuri ɗaya duk bayan awa guda. Jerin hotunan nan yakan fi kowane hoton fuska bayani.

Fuska sai da izini, na yaro kuma sai da izinin wanda ya zo da shi. Hoton hannu yana miƙawa, hannu yana karɓa, yawanci ya wadatar. Kar mai hoto ya tsaya a kan mutum lokacin da yake rubutu.

Mataki na 9: Rufewa

Sa ranar ƙarewa tun farko ka rubuta ta a kwalin. Aikin da ba shi da ranar rufewa yakan mutu a tsaye, teburi ya yi ƙura, takardu su jiƙe.

Abin da mutane suka bar maka amana ne, kuma dole ka san makomarsa kafin ka karɓa. Yoko Ono, mai fasaha haifaffiyar Japan, tun 1996 take kafa bishiyoyin da mutane ke rataya wa burinsu a rubuce, kuma ba a zubar da takardun. Ana tattara su don hasumiyar haske ta zaman lafiya da ta kafa a 2007 a tsibirin Viðey, kusa da Reykjavik a ƙasar Iceland. A aikin ɗinkin Lee Mingwei, rigar da aka gyara tana zama a kan teburi, zarenta bai yanke daga ƙwaryar zaren da ke manne a bango ba, sai ranar rufe nunin ake yanke zaren mai riga ya karɓi abarsa.

Naka ba sai ya kai haka ba. Kana iya ɗinke takardun su zama littafi guda ka ajiye inda mutanen wurin za su iya buɗawa, ko ka kira ranar da za a karanta su a bainar jama'a, in ka faɗi haka tun farko. Kayan musayar da suka rage, sanar da awa ta ƙarshe cewa kowa na iya ɗauka ba tare da ya ajiye komai ba. Wanda ya saura bayan haka ka zuba a akwati ka rubuta kwanan wata a jiki, shi za ka buɗe teburi na gaba da shi. Sannan ka share wurin, ka mayar da kujerun da ka aro, ka koma wurin mai gadin ka yi masa sallama.